Rijiyar gindin bagaruwa

Arzika mai haƙar rijiya maƙwabcina ne a ƙauyenmu, kusa da Morai. Tun muna samari yake shiga ƙasa da igiya a ƙugu. Cikin rijiyoyinsa babu wadda yake ji da ita kamar ta gindin bagaruwa, domin sadaka ya haƙa ta shekarar da mahaifinsa ya rasu, ladan ya riƙa kai wa tsohon.

Da aka fara dakan dutsen zinariya a bayan gari, sai yara suka soma ciwo. Husna jikar Arzika har suma ta yi. A asibiti aka ce gubar dalma ce. Mai gari ya ce duk rijiyar da aka samu da ita, cike ta za a yi.

Wadda ta zo awon ruwa Mufida ce, 'yar Talata Mafara da ta karanci sinadarai. Na'urarta kamar rediyo take, da wayoyin da ake tsomawa cikin kofi. Ta ce wuta ke jawo dalma ta manne a bakin waya, in ta saki sai layi ya yi tsalle a gilashi.

Arzika ya jawo guga da kansa. Mufida ta zuba ruwan a kofi, ta tsoma wayoyi. Layi ya wuce a kwance.

"Sarkin ramuka, ka sha!" in ji Manu mahauci. "Yau ka ci tsire bashi."

Mufida ba ta yi dariya ba. Ta ɗaga kofin tana kallo.

"Baba, me ya sa ruwan ya yi ja kamar shayi?"

Da Arzika ya ce laka ce, babu mai musa masa.

"'Ya'yan bagaruwa ne, ɗiyata. Suna faɗawa su jiƙa. Da laifi?"

"Abin da ke cikinsu yana rungume dalma, ya hana ta zuwa bakin waya. Tana iya kasancewa a ciki, na'ura ba ta gani ba. Sai na sa maganin da zai raba su."

"Kai Arzika, wa ya aike ka?" in ji Manu ƙasa-ƙasa.

"Husna ke sha," in ji Arzika. "Sa, ɗiyata."

Ta ɗiga maganin, ta mayar da wayoyi. Layin ya taho a kwance, ya taho, sai ya miƙe.

Arzika ya kwance gugan, ya naɗe igiya a hankali. Na ce masa, "Ladan da tsoho ya samu, ai ya samu."

"Allah shi sa," ya ce.

Ya karɓi kwando, ya cika da ƙasa. Shi ya fara zubawa.