Wayata Ta Cike Layukan Imel da Kanta

Jama'a, tun azahar kunya ta hana ni rubuto wannan, amma yau na ga abin tsoro!

A ofis an ce ta imel za a sanar da mu masinjoji wurin tantancewa gobe, wanda bai je ba an sallame shi. Na zo haɗa imel ɗin a wayata, ina sa adireshi da lambar sirri, sai wayar ta cike sauran layukan da kanta! Na ɗauka 'yan damfara ne, na goge duka.

Na ruga unguwar Kusfa wajen Sani mai gyaran waya. Ya ce, "Haba Baba! Ai hanyar shigowar saƙo wayar ta nemo maka. Wa ya aike ka?" Ya sake gwadawa, ta ƙi.

Na shiga uku. Don Allah, wa ya san abin da ake rubutawa a layukan nan?