Wanda Ya San Amsa Shi Ke Mari

Bazara ce, irin wadda guga ke fitowa daga rijiya rabinsa laka. Ba a daɗe da sauke tutar Nasara ba, kowa na cewa ƙasa ta dawo hannunmu, amma ni abin da na gani a shekarar shi ne gari ya yi wayam. Maza sun tafi cin rani tun bayan girbi, har da maigidana, ya bar ni a Dogon Dutsi da ɗana na fari da ƙanwarsa ƙarama. Ni ba ƴar garin ba ce. Daga wani ƙauye bayan Kore Mairuwa aka kawo ni, kuma ba ni da yawan magana, don haka ban tara mutane ba. Mutum ɗaya gare ni, ƙawata, wadda danga ce kawai tsakanin gidana da nata.

Kowace safiya takan ɗauko taɓaryarta ta zagayo, mu daka hatsina a turmina, sannan mu daka nata. Ta sauke in ɗaga, in sauke ta ɗaga. Duk labarin gari a bakin turmin nan nake jin sa.

Ita ma babban ɗanta na fari ne, ya ɗan girmi nawa. Ɗan fari kuwa ba a kiran sunansa, ba a yabonsa, ba a tsaya masa a gaban mutane. Kunya ba ta bari. Sai muka yi musaya ba tare da mun taɓa faɗa da baki ba. In nawa ya yi zazzaɓi ita ke goya shi, in nata ya yaga riga ni ke ɗinkewa ina yi masa faɗa. Rana ɗaya aka yi musu kaciya, rana ɗaya kuma aka rubuta su lakwal, makarantar boko.

Jikokina sukan tambaye ni yadda lakwal take a lokacin, shi ya sa da na koyi rubutu a ajin manya na ce sai na ajiye wannan. Akwai sanda, akwai durƙuso a kan tsakuwa da rana tsaka, babu wanda ya ɗauke su wani abu. Daga baya mun ji labarin manyan makarantu inda jandarmomi suka shiga da kulake. Amma wanda ya shigo gidana mari ne kawai.

Malaminsu, da muke kira mushe, saurayi ne daga yamma, wajen kogi, Hausarsa ba ta nuna ba. Dokar ajinsa ita ce, in ya yi tambaya, waɗanda suka kasa su miƙe su jeru, wanda ya amsa daidai ya bi su da mari ɗaya bayan ɗaya. In ya sassauta hannu, mushe ya nuna masa yadda ake yi a nasa kuncin. Yaron gidana Allah ya ba shi kai, sai ya zama kusan kullum shi ke mari. Ɗan ƙawata kuwa hannunsa ya fi ƙwarewa a gyaran tarko da saƙar igiya, kullum yana cikin jeri.

Wata rana marin yaron gidana ya sauka a kan kunnen ɗan ƙawata. Kunnen ya kumbura, ya yi ta zubar da ruwa, aka kai shi wurin masu magani na mishan. Ya warke, amma in ka yi masa magana ta hagu sai ya juyo da dukan jikinsa. Washegarin ranar da abin ya faru ƙawata ba ta zagayo ba. Na leƙa ta kan danga na gaishe ta, na tambayi jikin yaro. Ba ta ɗago ba.

"Da sauƙi," ta ce. "Ashe ɗan naku ba kai kaɗai gare shi ba, har da hannu."

Daga nan sai gaisuwa a hanyar rijiya, ita ma a taƙaice. Na kai fura, aka karɓa aka dawo da ƙwarya a wanke, ba saƙo. Sauran matan unguwa, da yake nasu ma sun sha marin, in na iso sai hira ta koma kan tsadar gishiri. Na koma daka ni kaɗai. Turmi ɗaya da taɓarya ɗaya aiki ne mai tsawo, kuma ina jin nata dakan ta bayan danga, ba ya haɗuwa da nawa.

Ana cikin haka sai yaron gidana ya fara dawowa da kunci a kumbure. Yau dama, gobe hagu. Jarrabawar da ake fita zuwa babbar makaranta tana matsowa, aka ce kafin ruwan farko ya zauna za a yi ta. Ni da shi ba mu cika magana kai tsaye ba, ta bakin ƙanwarsa muke bi. Wata la'asar ina tankaɗe, na ba shi baya, na ce da yarinyar ta tambayi yayanta abin da ke samun fuskarsa. Ya daɗe yana wasa da tsinke a ƙasa, sannan ya ce da ita:

"Ce ma inna na san amsa. In na hwaɗi, ni ka marin su."

Ban juyo ba. Na ci gaba da tankaɗe har garin ya ƙare, ina ta kaɗa rariya babu komai a ciki. Idan ya ci gaba da yin shiru za a ce ya lalace, a cire sunansa daga masu jarrabawa. Idan ya buɗe baki, hannunsa zai koma kan kunnen nan. Ubansa yana nesa. Ni kuma ba zan iya tsayawa gaban namiji baƙo in ce na zo kan ɗana na fari ba. Harshena ba zai ɗauka ba. Wadda za ta yi mini wannan tana bayan danga, ta daina kallona.

Sai can na lura da abin da ke gabana tun farko. Ita ma ba za ta iya zuwa kan nata ba. Wannan yaro mai kunne, ni ce mai tsaya masa.

Ban taɓa taka harabar lakwal ba. Na jira aka tashi yara cin abinci, na sami mushe a inuwar itacen bedi yana fifita da littafi. Na durƙusa daga gefe na gaishe shi, na ce na zo ne kan ɗan ƙawata, wanda kunnensa ya mutu. Ya ce ya ji ba daɗi, amma shi ma haka aka koya masa, da haka ya zama abin da ya zama. Ya yi maganar a hankali, yana neman kalmomi. Na ga ashe yaro ne, leɓensa duk ya tsage da zafin garinmu.

"Mushe," na ce, "kai baƙo ne, wata rana za a ɗauke ka a kai wani gari. Su ko nan za su tsuhwa, rijiya guda, makabarta guda. In duka ne, ka yi da hannunka."

Ya daina fifita. Sannan ya tambaye ni ko ni ce uwar wancan da ya daina amsa tambaya, me ya same shi. Na dubi ƙasa na ce wannan ba ni da magana a kansa. Bai yi mini alkawarin komai ba, na tashi na tafi.

Har yau nakan yi mamakin abin da na je roƙo, wai a daki yara da sanda. Amma shi na samu. Da yamma yaron gidana ya dawo fuskarsa lafiya, ya gaya wa ƙanwarsa cewa yau mushe ya ɗauko reshen bedi ya daki waɗanda suka kasa da kansa, shi kuma ya amsa duk abin da aka tambaye shi. Yara sun ga zuwana, don haka na san kafin magariba labari ya tsallaka danga. Na zauna a tsakar gida har aka kira salla. Ba wanda ya zagayo.

Da safe na jawo turmi kusa da danga, na zuba hatsi, na fara daka a lokacin da muka saba. Na riƙa jinkirtawa, in sauke taɓarya in dakata, in bar wurin da tata take faɗawa. Na daɗe a haka. Ba ta shigo ba. Amma can sai na ji tata taɓaryar daga cikin gidanta, a nata turmin, tana faɗawa daidai inda na bari. Ban leƙa ba. Hatsina ya riga ya daku, sai na ƙara wani a kai na ci gaba.