Albarushin Kasuwar Bodinga da Fararen Ɓeraye

Har yau ban manta ranar da Malam Umaru ya shigo ɗakin gwajinmu a Sakkwato da ƙullin albarushi a aljihu ba. Malamin asibiti ne a Shagari, ni kuma mataimakin jami'in gwaji, mai kula da fararen ɓeraye. Zamanin tsuke bakin aljihu ne, asibitin ƙauye ko ƙwayar ciwon kai babu.

Ya ce wani mai haɗa wa maharba albarushi a kasuwar Bodinga ya koma sayar da shi a matsayin maganin ciwon ciki, ana damawa a fura. Mahaifinsa ma, can Horo Birni, kullum safiya sai ya sha.

"Tsoho ba shi jin tawa," in ji shi. "Amma in kunka ce guba ne, shina bari."

Shugabanmu ya amince a gwada. Ƙa'idar ita ce a hana ɓeraye abinci, a auna nauyinsu, a ɗura wa kowanne sau ɗaya tak da sirinji mai bututu, wasu kaɗan, wasu da yawa, wani rukuni kuma ruwa zalla don kwatance. Sai a zuba ido mako biyu. Waɗanda suka sha da yawa sun yi laƙwas, sun yi zawo. Kwana kaɗan suka miƙe suna wawason dusa. Ko ɗaya bai mutu ba.

Da Umaru ya ji, sai ya kama hannuna yana roƙo in ce ko biyu sun mutu. Wallahi ya ba ni tausayi, amma na ce a'a. Na bayyana masa gwajinmu na shan sau ɗaya ne kawai. Illar shan kullum wani gwaji ne na watanni, mu kuwa abincin ɓerayen ma da ƙyar muke samu.

Ya je ya gaya wa tsoho gaskiya. Kafin kasuwa ta zagayo, mai albarushi na shela: "Ɓerayen gwamnati ma sun sha sun tashi!"

Tsoho ya ƙara cokali. Da damina ƙafafunsa suka kumbura, kafin kaka muka je ta'aziyya. Ko albarushin ne, Allah masani, ba mu gwada ba.

Ku da kuke bakin aiki yanzu, ku sani sakamako in ya fita ɗakin gwaji, rabin da ya yi wa mutane daɗi suke ɗauka. Ni dai tun daga lokacin, kafin in faɗi abin da muka gani, sai na fara da abin da ba mu gwada ba.