Inna Mai Tukunya da Mintunanta Arba'in da Biyar

Ƙarfe shida da rabi na safe take shigowa ta ƙaramar ƙofar bayan asibiti, wadda masu shara ke bi. Ɗakin aikinta yana can ƙarshen baranda, a bayan ɗakin tiyata: taga ɗaya, famfo biyu, da dogon tebur na ƙarfe. Kafin ta ajiye jaka, kafin ta sauya riga, sai ta fara kunna injin turara kayan aiki, domin minti ashirin yake ɗauka kafin ya yi zafi, ita kuwa ba ta ga dalilin tsayawa tana kallonsa ba. Wannan injin ne ma'aikata ke kira tukunya, daga nan ita ma ta samo suna, Inna Mai Tukunya. Shekararta talatin da ɗaya a ɗakin nan, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Aikin ba shi da wuyar faɗa. Duk almakashi da wuƙa da hantsakin da likita ya taɓa jikin mutum da su, wurinta suke dawowa. Ta wanke da burushi, ta tsane, ta jera a tire, ta naɗe da koren ƙyalle, ta sa a tukunya tururi ya kashe ƙwayoyin cuta. Tukunyar ɗaya ce tak, tire huɗu take ci, minti arba'in da biyar take yi, kuma ba ruwanta da saurin kowa.

Lokacin da aka ba ta ɗakin, tiyata huɗu ake yi a rana, idan an yi sa'a. Kaya kan taru har sai an nema, sannan a tashi wanki. Likita ya sa safar hannu ya tsaya, a ce masa kaya ba su fito ba. A watanta na biyu ta ga wani dattijo manomi da aka hana ci da sha tun jiya, aka turo shi a kan gado har bakin ƙofa, aka mayar da shi. Washegari ma haka. A rana ta uku ta ji yana ce wa matarsa, "Ki tambaye su, idan ba za a yi ba, a ba ni ruwa in sha."

Ran nan ta tafi wurin babbar nas.

"Sista, ina roƙon alfarma. A riƙa nuna mini jerin waɗanda za a yi wa aiki gobe tun yau."

Babbar nas ta dube ta ta saman tabarau. "Ke da kike wanke-wanke, me za ki yi da jeri?"

"In san wanda zan fara dafawa."

Aka yi dariya, amma aka ba ta. Tun daga ranar ba ta tashi aiki sai ta karanta jerin gobe, ta ware tire bi da bi: na mutumin farko a sama, na ƙarshe a ƙasa. Tukunya na cikin aikinta, ita tana wanke na gaba. Ana buɗewa, wasu huɗu na jira a naɗe. Ta lissafa cewa idan ba a bar tukunyar ta zauna haka nan ba, za ta yi zagaye takwas kafin la'asar. Da can uku take yi. Cikin shekara guda tiyata ta koma bakwai a rana, ba a sayi sabon inji ba, ba a ƙara ma'aikaci ko ɗaya ba. A rahoton shekarar an yaba wa ƙwazon sashen tiyata. Sunanta bai fito ba, ita ma ba ta nemi rahoton ta karanta ba.

Ke ce, Inna, wadda marar lafiya bai taɓa ganin fuskarki ba, alhali duk ƙarfen da ya shiga jikinsa ta hannunki ya fara bi.

Wani likita, wanda yanzu shi ne shugaban sashen, yakan ba da labarin wani abu da ya faru lokacin yana sabon shiga. Da hantsi aka kawo mace mai naƙuda, jini na zuba, dole a yi mata aiki nan take. Duk kayan safe an yi amfani da su. Ya faɗo ɗakin Inna hankali a tashe.

"Inna, buɗe tukunyar nan!"

"Saura minti goma sha biyu, Likita."

"Ba ni da minti goma sha biyu! Rai biyu ne a can!"

"Idan na buɗe yanzu, ƙazanta zan ba ka ka sa mata a ciki."

Ya ce har ya kai hannu kan murfin. Ita ko gezau, ta sunkuya ƙarƙashin tebur, ta ɗauko wani tire a naɗe ta miƙa masa.

"Wannan na farkon safiya ne. Kullum ina ajiye ɗaya wanda ba ya cikin jerin kowa. Je ka."

Uwa ta rayu, jaririya ta rayu. Da ya dawo ba ta haƙuri, ya tarar ta riga ta sa wani tiren a tukunya don maye gurbin wanda ya ɗauka. Ta ce masa, "Ba komai, ɗana. Amma matsa mini daga bakin famfo."

Ba kowa ke jin daɗin zama da ita ba, wannan gaskiya ne. Gaisuwarta gajeriya ce. Wayarta a jaka take wuni, sai lokacin hutun ƙarfe ɗaya take duba wanda ya kira. Idan abokiyar aiki ta leƙo da labari mai zafi, sai ta ce, "Yaya, riƙe mini shi zuwa ƙarfe ɗaya." An yi shekaru ana ce mata mai girman kai. Sai dai waɗanda suka riƙe labarin zuwa ƙarfe ɗaya sun shaida cewa a wannan rabin awa ba wanda ya fi ta sauraro, ba ta kallon agogo, ba ta katse mutum. Kuma ƙarfe huɗu na yi ta rufe ɗaki, ba ta bar ko cokali a famfo ba, yayin da masu cewa ta cika tsanani ke nan suna fama da aikin da suka ɗaga tun safe.

Mijinta, tsohon direba, yakan ce, "Ni ma ina cikin jerin, bayan almakashi nake." 'Yarta ta fari kuwa cewa ta yi ba ta tuna ranar da suka dawo daga makarantar yamma suka tarar ba ta gida ba, sai sau biyu, duka biyun kuma injin ne ya lalace.

An taɓa tambayarta sirrin abin. Tambayar ta ba ta mamaki. "Wane sirri? Ka san abin da zai zo gobe tun yau. Ka fara da wanda ya fi daɗewa. Kuma kada ka zauna jiran abin da ba ya bukatarka a kusa."

Ke ce kika nuna cewa ranar mai wanke almakashi da ta babban likita tsawonsu ɗaya, bambancin yana wurin yadda aka jera su. Mun gode, Inna. Allah ya saka da alheri, ya ba da lafiyar hutawa.

Sauran mu kuwa, masu ofis da shago da aji, da ke kukan rana ba ta isa, ya kamata kowa ya duba wane ne ke kwance a bakin ƙofarsa yana jira don bai shirya ba. Wanda kuma yake ɗauke da tabon ɗinki daga wannan asibiti, ya warke lafiya bai ruɓe ba, to ya sani akwai wata mata a ƙarshen baranda da take bin sa godiya. Saura mako biyu ta tafi. Mai son zuwa, ya je ƙarfe ɗaya.