Dawar da Ta Tsaya Jiran Dare

Har yau in na ga gonar dawa ta yi kore shar, ta fi ta maƙwabta tsawo, gabana faɗuwa yake yi. Mutane na ta ma sha Allah, ni kuwa ina ɗaga kai ina leƙen ko ta fara ciki. Matata ta ce ban iya murna ba. Tana da gaskiya, amma a ƙauyenmu Kaikai na koyo wannan hali, wata damina ina ɗan shekara tara.

A shekarar babana ya dawo gida, ba a daɗe da canja kuɗi zuwa naira ba. Shekara huɗu ya yi yana aikin hanya can kudu da Zariya, har na fara manta muryarsa. Ya zo da rediyo, da fitilar ƙwai, da buhu guda na irin dawa. Ya ce da idonsa ya ga zangarniyarta a can, ta kai tsawon hannun babban mutum. A gabana ya faɗa wa innata cewa in dawar nan ta yi, ya gama tafiya ke nan, in kuwa rumbu bai cika ba, dole ya koma. Shi ya faɗa ya manta. Ni da maganar nake kwana, da ita nake tashi.

Da ruwan shuka ya sauka, ya shuke gandu kaf da sabon iri. Tsohon irinmu kuwa ya ce a daka a yi tuwo, tunda bazarar ta matsa. Kaka, wato mahaifiyarsa, tana zaune tana kaɗi aka zuba shi a turmi. Ba ta ce uffan ba.

Ba ta da halin cewa. Babana ɗanta ne na fari, kuma a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, balle ta gyara masa magana. Kaka ta fi kowa riƙo da wannan, don kuwa haka ta ga uwarta ta yi. "Wancan" take ce masa. In ya shigo gaishe ta, bango take amsa wa.

Mu jikoki kuwa, bakinta ba ya rufuwa a kanmu. Bayan sallar magariba takan hura wuta a ƙofar ɗakinta, ta ɗora ɗanyen ganye don hayaƙi ya kori sauro, ni da ƙanwata Hinde mu zauna muna share hawayen hayaƙi muna jiran tatsuniya. Babana yakan shimfiɗa tabarma a bayan zana, taku kaɗan daga wurin, yana sauraren rediyonsa. Wata ranar, sati uku da shuka, dawa ta fito ta yi kyau har an gama noman fari, sai na ji Kaka ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

"Sada, angona, matso nan da waɗannan kunnuwa naka," ta ce mini. "Ga ta nan, daga nesa ta taho, ƙafarta duk laka."

Muka ce ta shigo ta zauna mu ji ta.

Wai a can da, Damina ta tara tsirrai ta ce musu ita ba ta sallama. Ran da ta ga dama za ta naɗe kayanta ta wuce, wanda bai fid da kai ba ya ji da kansa. Hankalin kowa ya tashi. Sai Dare ya ce su kwantar da hankali, shi zai zama ɗan aike. Ya ce duk lokacin da Damina ta fara shirin tafiya, shi yakan ƙara tsawo kaɗan-kaɗan, sai kowa ya riƙa auna shi. Daga nan dawar kowace ƙasa ta auna tsawon daren da ya dace da ruwan ƙasarsu, ta ƙulle awon a cikin ƙwaya, ta bar wa 'yarta.

"Kaka, ƙarya ne," in ji Hinde. "Dawa ba ta da ido."

Kaka ta nuna mata tafasar da ta fito a gindin zana. "Ke mai wayo, wa ya hwaɗa ma tahwasa magariba ta yi? Dubi ganyenta."

Muka duba. Ganyen da ya wuni a buɗe duk ya haɗe biyu-biyu kamar tafin hannu. Kullum muna wuce shi, ban taɓa lura ba, kuma sai na ji tsoro ya kama ni.

Ta ci gaba. Wai wani matafiyi ya ɗauko 'yar dawa daga ƙasar rafuka, inda Damina ke daɗewa, ya kawo ta arewa. Aka karɓe ta hannu biyu. Ta ci, ta sha, ta yi tsawo, ta shafe 'yan gida. Can 'yan gida suka ji dare ya kai awonsu, suka fara fid da kai. Suka ce mata, baƙuwa, yi sauri, Damina na ɗaure kaya. Ta ce a'a, uwarta ta ce sai dare ya fi haka tsawo.

"Ba taurin kai gare ta ba," in ji Kaka, ta juya fuska wajen zana. "Ɗiyar kirki ce, maganar uwa tai riƙo. Amma awon garinsu ne, ba na nan ba. Ɗiyar gida kuwa, ko an shuka ta a makare, ta san lokacinta."

A nan na lura rediyo ya yi shiru. Ban san tun yaushe ba.

Na ce, "Sai me ya faru, Kaka?"

"Sauran na gona," in ji ta. Ta ture itacen wutar ta shige ɗaki. Ranar babu ƙurunƙus.

Yaro nake, amma ba wawa ba. Na gane wace dawa ake nufi, na kuma gane abin da zai biyo baya in ba ta fid da kai ba. Kwana biyu ina bin babana da ido, shi kuwa ko a jikinsa. Tuwo ma sai na riƙa barinsa a kwano. Innata har ta taɓa goshina ko zazzaɓi ne.

A rana ta uku ya kira ni yana wasa fartanya, bai ɗago kai ba.

"Je ka ce ma tsohuwa akwai gurbin da iri bai hito ba, can gefen kwari. In tana da abin cikewa."

Babu wani gurbin da bai fito ba, na san gonar ciki da bai. Da na isar da saƙon, Kaka ba ta tambaye ni komai ba. Ta taka turmi, ta zura hannu a jinkar ɗakinta daidai inda hayaƙi ke tashi, ta zaro ɗan ƙullin zangarniya da ya yi baƙi ƙirin. Ashe ta ɓoye tun ranar daka. Washegari da sassafe babana da kansa ya tuge sabuwar dawa a gefen kwari, ya shuka tsohuwa. Irin bai kai ya rufe ko kashi ɗaya cikin huɗu na gandun ba.

Sauran daminar nan ban ji daɗinta ba ko na yini guda. Baƙuwar dawa ta yi ta tashi har in mai doki ya shiga ba a ganinsa. Masu wucewa kasuwar Kankiya sukan tsaya su yaba, wani mutumin Tafashiya har ya roƙi a ajiye masa iri. Tamu ta gefen kwari gajera, abin tausayi. Kullum bayan la'asar sai na je na lanƙwaso dogon kara na matsa samansa ko zan ji tauri, sai na ji ganye zalla. Har roƙon dare na riƙa yi a zuciyata ya yi sauri ya ƙara tsawo.

Gajerar ta fid da kai rana ɗaya da dawar maƙwabta, kamar tare aka shuka su. Bayan sati biyu aka yi wani ruwa mai iska, daga shi sama ta washe. Sai da ƙasa ta fara tsagewa sannan baƙuwar ta yi ciki. Ta fito da kai ƙato, yadda babana ya faɗa, amma in ka murza shi babu komai sai ƙaiƙayi. Shanun wani Bafulatani maƙwabcinmu ne suka more ta.

Abin da aka samu a gefen kwari ya kai mu tsakiyar rani, aka kuma ware iri. Babana bai jira ya ƙare ba. Ranar tafiyarsa ya durƙusa a ƙofar ɗakin Kaka, ta ce wa bango Allah ya kiyaye hanya. Na raka shi har inda ake hawa mota, na dawo ina kuka ban damu da wanda ya gan ni ba. Shekara uku ya yi kafin ya dawo.

Da na girma na shiga makarantar aikin gona, aka koya mana cewa ganyen dawa ne ke auna tsawon dare, in ya kai sai ya aika saƙo zuwa saman kara a fara ciki, kuma kowane iri da awonsa. 'Yan aji suna ta rubutu, ni ina jin ƙanshin hayaƙin ɗanyen ganye. Da na zo hutu na ba Kaka labari, ina zaton za ta yi dariya. Ta tsufa sosai a lokacin.

"Tun ran da ya kwance buhun na sani," in ji ta. "Sati ukku ina neman bakin hwaɗa mashi. Da a ranar na yi magana, da irinmu bai shiga turmi ba."

Na ce ai al'ada ce, ba laifinta ba ne.

"Haka ita ma dawar ta ce," in ji Kaka.

Na daɗe ina zaton gargaɗi ne kawai ta yi wa babana a kan baƙon iri. Sai ranar na gane dalilin da ya sa ba ta taɓa zagin 'yar dawar nan ba, ta ce mata 'yar kirki. Ita ma maganar uwarta ta riƙe, tana gani Damina na ɗaure kaya. Ɗana na fari Kabiru ne, kuma na roƙi uwarsa tun ranar suna ta riƙa kiransa da sunansa.