Tafiyata Kano Aikin Fitsari

Zango zuwa Daura

Mun bar gida bayan sallar asuba, gari bai gama wayewa ba, ni da mai ɗakina Hauwa da yayana Malam Isiya. Na daɗe ina yawo da robar fitsari a jikina, jakarta ɗaure a cinya ƙarƙashin wando. An ce wani nama ne ya kumbura a bakin mafitsara ya toshe hanya, sai an kankare shi, kuma a Kano ake yin aikin. Malamin ajinmu na yaƙi da jahilci ya ce in na dawo in rubuta yadda aka yi don 'yan aji. Ga shi.

Motar da ta kai mu Daura duk ramin da ta faɗa sai na ji shi a marata. Na ce, "Direba, a hankali don Allah." Ya ce, "Baba, hanyar za ka roƙa, ba ni ba."

Daura zuwa Kano

A tashar Daura muka shiga bas. Kwandasta ya ce mata baya, maza gaba, kamar yadda ake yi tun zuwan Shari'a. Yaya ya sayi koko da ƙosai, ni na kasa ci. Kafin Kazaure 'yan sanda suka tsayar da mu, ɗaya ya nuna jarkar da Yaya ya rungume. "Malam, man fetur ne?" Yaya ya ce, "Rubutu ne, na mara lafiya." Ya ce, "A sa mu a addu'a," ya buga wa direba ƙofa. Kafin azahar muka shiga Kano, aka ba ni gado. Hauwa ta shimfiɗa tabarma a baranda cikin matan masu jinya, Yaya ya koma masallacin asibiti.

Ɗakin tiyata

Ranar aikin, allura aka yi mini a baya, daga cibiya zuwa ƙafa na daina ji, amma idona biyu. Ba a yanka ni ba, ta hanyar fitsari aka shigar da ƙarfen kankarewar. Ina ganin manyan jakunkunan ruwa a rataye, ɗaya ta ƙare a sa wata, da shi ake wanke wurin don likita ya ga abin da yake kankarewa. Can sai na fara hamma ba ƙaƙƙautawa. Zuciyata ta tashi, kaina ya yi nauyi, fitilar da ke sama ta dushe. Wata murya ta ce, "Baba Sale, ina kake yanzu?" Na ce ina gona. Na ji an ce, "A tsaya!" Iyakar abin da na riƙe ke nan. Sauran Hauwa ce ta ba ni labari.

Ɗakin jinya

Ta ce da aka fito da ni ban san kowa ba. Ina amai, ina fizge-fizge, ina kiran mahaifiyarmu da ta daɗe da rasuwa. Yaya ya buɗe jarka ya tsiyaya rubutu a kofi, ya tallabo kaina. Nas ta riƙe hannunsa.

"Malam, ko ɗigo kada ya sha."

"'Yata, ayoyin Allah ne fa."

"Na sani, Malam. Amma ruwa ne ya yi masa yawa a jiki. Ka shafa masa a goshi."

Ya shafa, ya fita. Bayan la'asar ya dawo da wani direba ɗan garinmu. Mu a gidanmu ba a barin mutum ya cika a hannun baƙi. In an ga alama, ɗauko shi ake yi ya cika a ɗakinsa, 'yan'uwa na yi masa kalmar shahada. Haka aka yi wa mahaifinmu.

Yaya ya ce, "Hauwa, tattara kaya. Wanda ya fara kiran matattu ba na asibiti ba ne."

Tun da aka kawo Hauwa gidanmu ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi Yaya ba. Ta ce ta durƙusa, ta kama ƙafar gado da hannu biyu. "Yaya, ka yi haƙuri. A kira likita tukuna."

"Ni kike mayar wa magana?"

"Ban isa ba, Yaya. Amma ba zan saki gadon nan ba."

Direba har ya sa hannu ƙarƙashin kafaɗata, nas ta ruga ta zo da likita. Likita ya ce, "Malam, ruwan da muka yi wanki da shi ne ya bi jijiyoyi ya shiga jininsa, ya tsinka gishirin jikinsa, kamar a zuba ruwa da yawa a miya. Shi ya taɓa ƙwaƙwalwa. Yakan faru a irin wannan aiki, mun kuma ga alamar da wuri."

"To a ba shi gishiri ya lasa, mu kama hanya."

"Wannan ƙarin ruwan da ke hannunsa gishirin ne. A hankali ake mayar da shi, in aka yi gaggawa wata ɓarnar ce. In kuka cire shi, ba na jin zai kai Dambatta."

"In mun bar shi ya cika a nan fa?"

"Ban yi maka alkawarin rai ba, Malam, wannan na Allah ne. Amma a nan da abin da za mu yi masa. A mota babu."

Hauwa na riƙe da gado. Can sai Yaya ya ce wa direba, "Je ka ci abinci, ka dawo da safe."

Da safe na buɗe ido na ga mutum zaune a gefena, carbi a hannu, idanu jawur. Na ce, "Yaya, ina hularka?" Ya kifa fuskarsa a kan katifa.

Komawa gida

Bayan 'yan kwanaki aka cire robar. Na shiga banɗaki na yi fitsari da kaina, na daɗe a ciki ina hamdala. A Kazaure na ce direba ya tsaya, na sauka na zaga kamar kowa, na dawo na sayi gurasa. Mun iso Zango ana kiran magariba, ƙofar gida cike da mutane. Na gode wa Allah, na gode wa likitoci da duk wanda ya yi mini addu'a.

Da ake kwance kaya, aka ga farin yadi sabo a naɗe cikin jakar Yaya. Ranar da ya kawo direba ya biya kasuwa ya sayo mini likkafani. Ya ɗauka ya juya shi, ya miƙa wa Hauwa.

Ya ce, "Ungo. Ke kika hana shi aiki, sai ki san yadda za ki yi da shi."