Akwatin Malam Gaji

"Ni ban ce na sayar ba, Ya. Tayawa kawai suka yi."

"To wa ya buɗe musu ɗakin har suka ga abin tayawa?"

Madu ya sunkuyar da kai yana juya makulli a hannu. A bayansa 'yan gwangwan biyu na tsaye da kurarsu da sikelinsu, sun riga sun jawo wani koren akwatin ƙarfe zuwa tsakar gida. Mahaifiyarsa, Hajja Fanne, wadda yake kira Ya, dawowarta ke nan daga gaisuwar mara lafiya ta tarar da su. Ko mayafi ba ta cire ba.

"Ku 'yan nan, uban waninku ya taɓa ba da ajiya a gidan nan? Ku kwashe sikelinku ku ba ni wuri tun ban tara muku unguwa ba."

Suka ja kura suka fice, ɗayansu yana cewa, "Allah ya huci zuciyarki, Hajja, mu kiran mu aka yi."

Madu ya bari sai da suka yi nisa. "Ya, ranar Juma'a 'yarki Zara za ta fita takaba. Ita da yara huɗu za su dawo gidan nan. Ina za su kwanta? A madafa? Ga ɗaki mafi girma a gida, an kulle wa ɓeraye shekara da shekaru."

Ta san gaskiya ya faɗa, kuma wannan ne ya fi ƙona mata rai.

Hajja Fanne tana da shekara goma sha bakwai aka kawo ta gidan nan, a bayan tashar jirgin ƙasa ta Nguru. Mijinta, Abbagana, fatoma ne, wato mai saukar da fatake. A wancan zamanin zauren gidan ba ya rabuwa da baƙi: masu busasshen kifi daga Gashua, masu kanwa, masu fata, kowa yana jiran jirgi ya kai shi Kano ko Kudu. Ita ke tuƙa musu burabusko a tukunyar da sai mata biyu suke iya sauke ta. In mutum zai hau jirgi sai ya ce, "Fatoma, riƙe min wannan sai na dawo." Fatoma bai taɓa cewa a'a ba. Yawancinsu sun dawo sun ɗauki abinsu. Wasu kuwa ko labarinsu ba a sake ji ba. Jirgi ya rage zuwa, fatake suka koma mota, zaure ya yi shiru, kayan suka zauna a kulle a babban ɗaki.

Ranar da Fatoma zai cika, shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ta zauna a gefensa tana jiran ya yi maganar gona, ko ta yara, ko ya ce mata wani abu nata na kanta bayan zaman shekara arba'in. Abin da ya ce shi ne, "Fanne, kayan mutane. Kada ki bari a taɓa."

Tun ranar take fushi da ɗakin nan. Madu yana zaton son kayan take yi. Bai san cewa babu abin da ta tsana kamarsu ba. Kowace damina ita ke ɗora su a kan bulo don kada ruwa ya taɓa su. Ita ke sayen maganin gara da kuɗin ƙosan da take sayarwa. 'Ya'yanta shida sun girma a cunkushe cikin ɗaki biyu, ga wannan a kulle. Duk da haka ko sau ɗaya ba ta taɓa ɗaga murfin kayan wani ba.

Washegari da sassafe ta tafi wajen limamin unguwa da kanta, ta zayyana masa komai. Ya ce abin da babu sunan mai shi, kuma an yi cigiya an gaji, a bayar da shi sadaka da niyyar ladan ya je wa mai shi. Amma wanda aka san mai shi ko magadansa, wannan sai an kai musu hannu da hannu.

Kwana biyu suna fitar da kaya. Keken ɗinki mara kai, buhunan da suka zama gari, tasoshi, sirdin raƙumi, katifar da ɓeraye suka haihu a ciki. Mai amfani ta aika wa mabukata, tana faɗin "Allah ya kai ladan ga mai shi" da muryar da ta fi kama da faɗa. Da aka zo kan tarkacen Fatoma na kansa, tsofaffin tabarmi da butoci da fitilun da suka daina ci, Madu ya tsaya yana kallon fuskarta.

"Me kake kallo? Waɗannan namu ne. Kira 'yan gwangwan ɗinka su kwashe."

"Har da babbar tukunyar?"

"Ita za a fara ɗauka. Ta cinye min baya."

Ya rage koren akwati kawai. A jikinsa an rubuta da farin fenti: Gaji mai kifi, Gashua. Shekara talatin da ɗaya ke nan da Malam Gaji ya ajiye shi ya hau jirgi, ya rasu a Kudu aka binne shi a can. Sau uku Hajja tana aikawa ga babban ɗansa, Alhaji Mu'awiya, mai shagon hatsi a kasuwar Gashua. Sau uku ana cewa yana nan tafe.

"Guda ɗaya ne, Ya. A tura shi ƙarƙashin gado mana."

"Sannan in mutu, ka kai shi sikeli, a tambaye ni a kabari? Je ka samo min keke Napep ya kai ni tasha."

Direban motar Gashua ya ce akwatin kujerar mutum guda ne. Ta biya kuɗin kujera biyu. Tun daga Nguru har suka wuce Jajimaji hannunta na kan murfin, in an faɗa rami gefen ƙarfen ya daki gwiwarta, ita kuma ta yi tsaki.

Ana dab da azahar mai kura ya sauke mata shi a ƙofar shagon. Alhaji Mu'awiya mutum ne mai jiki, mai fara'a. Ya taso da sauri, ya sa aka kawo kujera da ruwan sanyi, ya yi gaisuwa mai tsawo. Da idonsa ya faɗa kan rubutun fentin, sai fara'ar ta ragu.

"Hajja, da kin sani ba ki wahalar da kanki ba. Wallahi mun yafe. Ki yi yadda kika ga dama da shi."

"Kun yafe? Kai da wa?"

Ya matso ya rage murya. "Ki fahimce ni, Hajja. Mu goma sha huɗu Baba ya bari, ɗaki uku. Rabon gadonsa sai da ya kai mu gaban alƙali, har yau akwai waɗanda ba ma gaisawa da su. In akwatin nan ya kwana a hannuna, gobe za a ce zinariya ce a ciki na kwashe. Ki rufa min asiri ki koma da shi. Ko a hanya ki jefar, ba wanda zai sani."

Hajja Fanne ta ajiye kofin ruwan ba ta sha ba. 

"In jefar? Ɗan nan, ka dube ni da kyau. Da mai jefarwa ce ni, da tun ba ka fara gemu ba na jefar. Shekara talatin da ɗaya ina ɗaga kayan ubanka ina saukewa. Ni na haife shi? Ni na ci gadonsa? Kai kana tsoron bakin 'yan'uwanka, ni kuma in je in tsaya gaban Allah da kayan da ko launin cikinsu ban sani ba?"

"Hajja, a hankali, mutane na ji."

"Su nake so su ji!"

Lokacin an idar da salla a masallacin kasuwa, jama'a na fitowa. Ta miƙe ta tsaya a tsakiyar hanya, ta ɗaga murya irin wadda take kiran fatake cin abinci da ita a da.

"Bayin Allah, ku zo ku yi min shaida! Wanda ya san Malam Gaji mai kifi ya matso!"

Dattawa uku suka matso, har da wanda ya ja sallar. Masu awo suka bar mudu, masu kura suka tsaya. Wani ya ruga ya kira ƙanin Mu'awiya na wani ɗakin, mai sayar da taya a bakin titi, ya zo yana huci tun bai san abin da ake ciki ba. Hajja ta ba su labari a taƙaice, ta nuna kwaɗon da ya yi tsatsa har ya haɗe da ƙarfen.

"Ku duba da idonku. An taɓa buɗe wannan?"

Dattawan suka duba ɗaya bayan ɗaya, suka ce ba a taɓa ba. Aka kira mai walda ya sa guduma. Bugu uku kwaɗon ya faɗi.

Wari ya fara fitowa, na tsohon kifi da ruma. A sama akwai babbar riga shuɗiya, da aka ɗaga ta sai ta rabe biyu a hannu. Ƙarƙashinta rediyon da batir ya narke a cikinsa, da buta, da takalmin fata ƙafa ɗaya, da ƙullin ƙugiyoyin kamun kifi da suka zama dunƙulen tsatsa. Ƙanin ya sa hannu ya laluba har ƙasa, ya ƙwanƙwasa gindin akwatin ko akwai wani ɓoye. Babu komai.

Wani daga baya ya yi dariya. "Yau ga gado! Alhaji, kai ka ɗauki takalmin, a nemo wa ƙaninka ɗaya ƙafar."

Jama'a suka fashe. Hajja Fanne ba ta yi dariya ba. Tana kallon takalmin nan, tana tuna shekarar da ƙyanda ta kama 'ya'yanta uku a ɗaki guda, ba inda za ta ware mai lafiya.  Da Fatoma na kusa, da yau ya ji abin da bai taɓa ji daga bakinta ba.

Ta juya ga Mu'awiya. "Ka karɓa?"

"Hajja, ai kin ga ba wani abin..."

"Ban tambaye ka darajarsa ba. Ka karɓi amanar ubanka daga hannun iyalin Fatoma Abbagana, ko ba ka karɓa ba? Ka faɗa su ji."

Ya dubi dattawan, ya dubi ƙaninsa. "Na karɓa."

Ta dubi ƙanin. "Kai fa?"

"Mun karɓa, Hajja. Allah ya saka da alheri."

Wanda ya ja salla ya ɗaga hannu aka yi wa mamatan biyu addu'a. Ta shafa tare da kowa. Mu'awiya ya shiga shago ya fito da ƙullin gero, ya ce ko na kunu ne ta tafi da shi, sannan ya ɗago butar ya ce ta riƙe don tunawa.

"Mayar. Ko allura ba ta sake shiga gidana da sunan wani."

Ta gyara mayafi, ta tambayi wani mai awo ina ake sayar da tabarmi a kasuwar nan. Ya nuna mata layin da ke bayan masu barkono. Guda huɗu take so, masu faɗi, na shimfiɗa wa Zara da yaranta, kuma tana so ta samu motar Nguru kafin la'asar. Ta ratsa ta tsakanin mutane ta nufi can, tana ɗan ɗingisa ƙafar da akwatin ya daka.